Matambayi Ba Ya Ɓata, In Ya Iya Tambayar: Nasiha ga Matasan Ɗanbatta Masu Son Ƙera Gem



Duk wanda ya ratsa kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ya leƙa rumfunan masu cajin waya da masu tura fina-finai, zai ga samari sun duƙufa suna buga gem: ƙwallo, tseren mota, harbe-harbe. Manya kan girgiza kai su ce yaran zamani sun lalace. Ni ba wannan faɗan ya kawo ni ba. A kowane gungu na masu buga gem akan samu wani guda da wasan bai ishe shi ba. Shi so yake ya san yadda aka yi mota take shan kwana idan ya karkata waya, da yadda gola yake gane inda ƙwallo ta nufa. Da wannan yaron nake magana, da kuma 'yar'uwarsa da ke cikin gida riƙe da wayar babarta tana irin wannan tunani.

Maganata ɗaya ce. Kod ɗin gem da za ku koyi aiki da shi yana nan jibge a intanet, halas ɗinsa, masu shi sun bayar da hannunsu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokacin masanin da zai ɗora ku a hanya idan kun maƙale. Wannan lokacin kuɗi ba ya sayen sa, naci ma ba ya ƙwato shi. Ƙoƙarin da ka yi kafin ka buɗe baki, da yadda ka tsara tambayarka, su ne ke sa mutum ya ajiye aikinsa ya saurare ka.

Abin da kuke nema

Gem ɗin da ke wayarka riga ce ɗinkakkiya: za ka sa, ka yi ado, amma ba za ka ga awo da yankan da tela ya yi ba. Kod shi ne awon da yankan. Rubutu ne da mutum ya zauna ya yi layi-layi, cikin harsunan kwamfuta irin su C da Python da JavaScript, yana faɗa wa na'ura abin da za ta yi daki-daki. Bayan ya gama sai wata manhaja ta juya rubutun zuwa abin da na'ura kaɗai ke iya karantawa, shi ne ake tura maka. Saboda haka kod na gaskiya ana buɗe shi a karanta kamar wasiƙa. Duk wanda ya turo maka fayil da sunansa ya ƙare da apk ko exe ya ce kod ne, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana neman shiga wayarka. Kada ka buɗe.

Waɗanda suka bayar da hannunsu

A watan Disamba na 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Texas ta Amurka mai suna id Software ya fitar da Doom, gem ɗin da ya sauya yadda ake ƙera wasannin harbi. Shekara huɗu bayan haka, a Disamban 1997, babban mai rubuta kod ɗin kamfanin, John Carmack, ya saki kod ɗin domin kowa ya karanta, a 1999 kuma aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL. Akwai darasi a yadda ya yi sakin. Sashen da ke kula da sauti a wasan na asali ba nasu ba ne, hayarsa suka yi daga wajen wani, don haka bai haɗa da shi ba. Zane-zane da filayen wasan su ma ba su shiga kyautar ba. Ya bayar da abin da yake da ikon bayarwa, ya tsaya nan. Kamfanin ya sake yin haka da Quake a 1999, da Quake III Arena a 2005, kuma har yau masu koyo a duniya suna karanta su.

Jordan Mechner, wanda ya rubuta Prince of Persia a 1989, ya daɗe yana zaton kod ɗinsa ya ɓata. A 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali na tsofaffin kaya, sai ga faya-fayan a ciki. Aka ceto rubutun, ya ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, a watan Afrilu na shekarar, tare da bayanin cewa haƙƙin mallakar wasan yana hannun kamfanin Ubisoft, shi ya ajiye ne don tarihi da karatu. A 2008 kamfanin Electronic Arts ya saki kod ɗin SimCity na farko, gem ɗin gina birni, saboda shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007. Sai dai an sauya masa suna zuwa Micropolis, domin kamfanin bai saki sunan ba.

Akwai kuma wasannin da tun daga tushe a buɗe aka gina su, irin su Freeciv da SuperTuxKart da Battle for Wesnoth, waɗanda masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke ci gaba da yi wa gyara. Ita kanta wayar Android da ke aljihunka a kan Linux take tafiya, wanda wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara a 1991 ya bar shi a buɗe.

Tsakanin kyauta da sata

Ganin kod a fili ba ya nufin an halatta maka shi. Kafin ka taɓa komai, nemi fayil ɗin lasisi, yawanci yana nan a sahun farko. Idan ka ga MIT, an yarda ka yi amfani, ka sauya, har ka sayar, muddin ka bar sunan mai shi da takardar iznin a ciki. Idan ka ga GPL, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1989, an yarda ka sauya ka raba, amma duk wanda ka ba gem ɗinka yana da haƙƙin ka ba shi kod ɗin bisa wannan sharaɗi. Yadda aka buɗe maka, haka za ka buɗe wa na bayanka. Idan kuwa babu lasisi sam, to mai shi bai ba ka iznin komai ba. Ka karanta ka ƙaru, amma kada ka kwafa cikin aikinka sai ka nemi izninsa.

Za ku haɗu da masu tallar kod ɗin manyan wasanni da aka ce ya fita ta ɓarauniyar hanya. Wannan kayan sata ne, kuma an ga yadda masu satar suka ƙare. A 2003 wani matashi Bajamushe ya kutsa cikin kwamfutocin kamfanin Valve ya kwashe kod ɗin Half-Life 2 tun wasan bai fito ba. 'Yan sandan ƙasarsa suka kama shi a 2004, kotu ta same shi da laifi a 2006. A Satumban 2022 wani yaro ɗan Ingila ya fitar da bidiyon GTA 6 da ya sato daga kamfanin Rockstar. A Disamban 2023 kotu ta ba da umarnin a tsare shi a asibiti ba tare da an yanka ranar fita ba. Dukansu suna da kaifin ƙwaƙwalwar da za ta iya ciyar da su da iyayensu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izni ba, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta lissafa manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da take karewa. Ko da babu doka, kun san hukuncin cin gumin wani ba da yardarsa ba. Kuma ko ta fuskar amfani, kod ɗin katafaren gem da ɗaruruwan ma'aikata suka shekara suna rubutawa ba zai koya wa ɗan farawa komai ba. Wayarka ma ba za ta ɗauke shi ba.

Inda ya kamata ka fara

Fara da ƙarami. A watan Maris na 2014 wani ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya rubuta 2048 cikin hutun ƙarshen mako, ya sake shi da lasisin MIT. Da yawanku kun buga shi: gidaje 16, ana tura lambobi suna haɗewa. Fayilolinsa kaɗan ne, da JavaScript aka rubuta, kuma yana aiki ko babu data. Sauke shi daga GitHub. Nemi inda aka rubuta cewa wanda ya kai 2048 ya ci, ka mayar da shi 64, ka kunna ka gani. Nemi layin da ke zaɓen sabuwar lamba, za ka tarar sau tara cikin goma 2 yake fitarwa, sau ɗaya 4. Juya lissafin ka ga yadda wasan zai sauya hali. Ɓata abu da gangan, ka karanta ƙorafin da na'ura za ta yi, sannan ka gyara. Ranar da ka sauya layi ɗaya ka ga sakamakonsa da idonka, ranar ka fara zama maƙeri.

Ƙananan yara su fara da Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar a 2007. A can tubala ake jerawa maimakon rubutu, kuma duk aikin da wani ya raba ana iya leƙa cikinsa. Mai waya kaɗai zai iya sa Pydroid 3 ya koyi Python. Wanda ya ɗan yi nisa ya nemi Godot, injin ƙera gem da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe wa duniya a 2014. Ba shi da nauyi, ba a biyan ko kwabo, akwai nau'insa na Android, akwai kuma ƙananan wasannin gwaji da littafin bayani da ake saukewa.

Na san halin wuta da na data a wajenmu. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu: ɗaya ya sauke, ya tura wa saura. Ku sauke littafin bayani gaba ɗaya lokacin da sabis ya yi kyau. Ku tanadi littafin rubutu, ku kwafe gajerun sassa da biro, ku bi su layi-layi kuna rubuta abin da kowane layi yake yi da Hausa. Wanda ya bi kod da biro a daren da babu wuta ya fi fahimtarsa a kan wanda ya kwafa ya manna cikin daƙiƙa biyu. Da damina kuma, idan aikin gona ya taso, a je gona. Awa ɗaya bayan isha'i kullum ta fi kwana guda a zaune sannan a watsar wata biyu.

Kafin ka buɗe baki

Komai ƙoƙarinka za ka maƙale, kuma dole ka tambaya: malamin kwamfuta na makarantarku, ko yayanka da ke karatu a Jami'ar Bayero, ko mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre, ko ma shi mai kod ɗin da ke wata ƙasa. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. Sauran rabin yana wuyanka, kuma shi ake fara biya.

Ba baƙon abu na kawo muku ba. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Imam Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya daɗe da yin bayani a kan girmama malami da lura da lokacinsa. Ɗalibin kirki a zaure yakan yi muraja'a kafin ya zo, ya sa alama a daidai kalmar da ta shige masa duhu, idan layi ya zo kansa ya nuna ta da yatsa. Masu rubuta kod a ƙasashen Turawa su ma sai da suka rubuta nasu ladabin. A 2001 Eric Raymond da Rick Moen suka fitar da wata doguwar maƙala a kan yadda ake tambaya cikin hikima. Harshenta da kaushi, amma gundarinta bai wuce abin da kakanninku suka sani ba.

Don haka kafin ka tambayi kowa, karanta fayil ɗin bayani da mai kod ya ajiye a gaba, wanda galibi ake kira README. Karanta saƙon kuskuren da na'ura ta fitar har ƙarshe, domin sau da yawa yana faɗin sunan fayil da lambar layin da matsalar take. Kwafi saƙon ka bincika shi a Google yadda yake. Da wuya a ce kai ne mutum na farko da ya gamu da shi. Sannan ka rage matsalar: cire duk abin da bai shafe ta ba har sai ta rage layuka kaɗan. Za ka sha mamakin yawan lokutan da amsar za ta bayyana tun kana cikin rubuta tambayar.

Yadda ake jera tambaya

Ga irin saƙon da masana ke samu kullum. Mutum ya rubuto “Salam”, ya yi shiru. Bayan awa guda, “Oga kana nan?” Da an amsa sai ya ce, “Don Allah ka turo min kod ɗin gem na ƙwallo, da gaggawa.” Ko ya ce, “Abin nan ya ƙi yi, ka taimaka.” Wane abu? Ya ƙi yin me? A wace na'ura? Ya ɗora wa wanda yake roƙo aikin tono tambayar kafin a zo ga amsa. Mai haƙuri zai yi masa tambayoyi biyar, mai aiki a gabansa zai wuce kawai.

Ga kuma wani: “Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Ɗanbatta, ina koyon Godot 4 a wayar Android. Na sauke wani ƙaramin gem, da na kunna sai ya tsaya a layin farko, ya ce bai san KinematicBody2D ba. Ga saƙon yadda ya fito, ga kuma layukan da abin ya shafa. Na duba ko kuskuren rubutu ne, ba shi ba ne. Na sake saukewa, bai sauya ba. Ina zargin ko kod ɗin na tsohon Godot ne. Idan ka samu sarari, a nuna mini inda zan duba. Na gode.”

Wannan zai samu amsa cikin layi ɗaya: da Godot 4 ya fito a 2023 an sauya wa abubuwa da dama suna, wancan ya koma CharacterBody2D. Dubi abin da ya sa. Ya yi sallama ya gaisar, ya faɗi ko shi wane ne, ya ambaci na'ura da nau'in manhajar, ya faɗi abin da ya faru, ya kawo saƙon kuskuren ba tare da ya taƙaita ba, ya lissafa abin da ya gwada, sannan ya roƙi a nuna masa hanya maimakon a yi masa aikin. Duk a saƙo ɗaya.

A nan akwai inda tarbiyyarmu ke buƙatar a ɗan daidaita mata zama. Gaisuwa adonmu ce, kada ku yar da ita don kun ga wasu ba sa yi. Idan gaba da gaba ne, ka durƙusa ka gaida malami, ka tambayi iyali da gajiya, ka jira ya ba ka fuska. Amma a rubuce, gaisuwar da aka aiko ita kaɗai ana jiran amsa kafin a faɗi buƙata tana cin lokacin mutum. Haɗa gaisuwa da tambaya wuri guda, domin idan ya duba wayarsa sau ɗaya ya ga komai. Wannan ma girmamawa ce.

Haka kunya. Kunyar da ke hana ka katse babba yana magana, ka riƙe ta. Wadda ke sa ka ɓoye kod ɗinka don kada a ga shirme, ko ka ce “na gane” alhali ba ka gane ba, wannan cuta ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nuna aikinka yadda yake, da karkatarsa. Babu masanin da bai fara da shirme ba.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata tambaya. Kada ka ɗauki hoton fuskar kwamfuta da waya a karkace ka tura. Kwafi rubutun ka aika, don mai amsa ya iya gwadawa a tasa na'urar. Kada ka aika saƙon murya na minti shida ga wanda ba ku saba ba. Kada ka kira mutum da tsakar dare, kuma ka tuna lokacin da kake hantsi wani a Amurka barci yake. Kada ka rubuta “da gaggawa”. Gaggawarka ce, ba tasa ba. Kada ka aika tambaya ɗaya ga mutum goma lokaci guda, kowa ya ɓata lokacinsa a kan abin da wani ya riga ya warware. Idan aikin makaranta ne, faɗi gaskiya, ka nemi a fahimtar da kai. Idan da Turanci za ka rubuta, kada raunin Turancinka ya hana ka. Yi gajerun jimloli, ka bar kod da saƙon kuskure su yi sauran bayani. Yawancin masu wannan sana'a a duniya su ma ba da Turanci aka yi musu goyo ba.

Idan amsa ta zo, ko ta ƙi zuwa

Wani zai amsa maka da kalma huɗu: “Je ka karanta bayanin.” Kada ka yi fushi. Je ka karanta. Ya nuna maka cewa amsar na nan kusa. Wani zai yi maka gatsali. Ɗauki abin da ke da amfani a maganarsa, ka bar masa sauran, kada ka rama. Wani ba zai amsa ba sam. Ba ka bin sa bashi; galibin masu kula da buɗaɗɗen kod sa kai suke yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Jira kwana biyu ko uku, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, tare da ƙarin abin da ka gwada a tsakani. In shiru ya ci gaba, nemi wani.

Idan matsalar ta warware, koma ka faɗa. “Malam, abin ya yi, sunan ne aka sauya, Allah ya saka da alheri.” Yaba kyauta tukwici. Mutane da yawa ba sa komawa, shi ya sa wanda ya koma ake riƙe sunansa. Irin wannan yaron ne idan wani aiki ya taso, ko gurbin horo, ake cewa a kira shi.

Ku kuma kula da kanku. Mai taimako na gaskiya ba ya buƙatar lambar sirrinka, ko BVN, ko NIN, ko lambar da banki ya turo maka. Ba ya cewa ka sa wata manhaja da za ta ba shi ikon sarrafa wayarka. Ku 'yan mata, duk wanda ya karkatar da maganar karatu zuwa neman hotonki ko hirar dare, ki rufe ƙofar nan take, ki sanar da na gaba da ke a gida. Kada hakan ya sa ki bar karatun. Masu koyarwa don Allah sun fi yawa.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, da yawanku can kuke kai tambaya. Ba laifi. Ba ya gajiya, ba ya gatsali, kuma yana iya fassara maka saƙon kuskure. Amma shi ma tambaya mai kyau ce ke fitar da amsa mai kyau, kuma yakan kawo kuskure da cikakken ƙarfin hali. Gwada duk abin da ya ba ka. Kada ka kwashi layi ɗari biyu da ya rubuta, waɗanda kai ba ka karanta ba, ka kai wa malami ka ce ya gyara maka. Abin da ba za ka iya bayaninsa ba, bai zama naka ba tukuna.

Aikin da ke jiran ku

A Legas, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a 2012, suka yi wasanni irin su Okada Ride da Aboki Run, a 2024 kuma suka fitar da Iwájú: Rising Chef tare da Disney. Tun 2021 suke horar da matasa ta shirin GameUp Africa. A Kamaru, Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa ƙera gem cikin fannonin da ake koyarwa. A Kano akwai cibiyoyi irin su CITAD da suka daɗe suna koyar da matasa kwamfuta. Kuma kun san ɗan garinku, Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, shi ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, daga 2015 zuwa 2023. Zama ɗan Ɗanbatta bai taɓa zama uzuri ba.

Shawarata, aikinku na farko ya zama dara. Ramuka 30 ne, shida-shida a layi biyar, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Duk abin da mai koyo ke buƙata yana ciki: yadda ake ajiye gidaje a ƙwaƙwalwar na'ura, yadda ake karɓa-karɓa, yadda ake gane an jera uku, yadda ake sanin wasa ya ƙare. Wanda ya fahimci gidaje 16 na 2048 ya kama hanyar ramuka 30. Dokokin dara sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka sai kun je gindin bishiya wajen dattawan da ke buga ta, kun gaishe su, kun zauna kun kalla, sannan kun tambayi abin da ya shige muku duhu: shin jera huɗu ci ne? Ana iya jera uku tun a lokacin zubi? Wane ɗa ne ba a ci? Ladabin da za ku yi musu shi ne dai wanda za ku yi wa mai kod a Ajantina.

Idan kun gama, ku sa menu da Hausa, ku ɗora kod ɗin a GitHub da lasisi a bayyane, ku ambaci duk wanda kuka ɗauki wani abu nasa, ku rubuta bayanin yadda ake kunna shi. Ranar da wani yaro daga Makoɗa ko Kazaure ya rubuto muku “abin nan ya ƙi yi”, kada ku kore shi. Ku tambaye shi na'urarsa, da saƙon da ya gani, da abin da ya gwada, har ya koyi jera tambaya da kansa.

Ku ɗauki abin da aka ba ku, ku bar abin da aka sato. Ku gwada kafin ku tambaya, ku tambaya a fili, ku koma ku yi godiya. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku amfani garinku da shi.